Rakiya Har Wakra

Tun da Uwais ya zo Doha bai taɓa zama shi kaɗai ba. Ɗakinsu da ke bayan Asian Town gado ne a kan gado, ko tari ya yi sai mutum biyar sun ce masa sannu. Da ya ajiye aikin gadin wani kanti, sabon kafil kuma, wato ubangidan da zai ɗauke shi aiki, ya ce sai mako mai zuwa zai fara, sai ya ƙudurta abu ɗaya a ransa: zai tafi Wakra shi kaɗai, ya zauna a bakin teku, ya ji yadda shiru yake.

Kuskurensa ɗaya, ya yi sallama. Ɗan Gusau ne mai tarbiyya, ba ya iya sulalewa kamar ɓarawo.

"Bari in ɗan taka maka," in ji Bello, abokin ɗakinsa, wanda dawowarsa ke nan daga gadin dare, idanu jawur. Masahudu, direba ɗan Zangon Kumasi, ya ga ana rakiya babu shi, ya zura silifa ya ce, "Yalla, mu je, ni ma in raka ɗan'uwa."

Suka taka har tashar bas. Uwais ya tsaya yana jiran su juya. Bas ta zo, Bello ya dubi Masahudu, Masahudu ya dubi Bello, suka shiga. A jirgin ƙasa ma haka aka yi. Ran Uwais ya ɓaci ƙwarai, amma ina shi ina korar waɗanda suka mutunta shi? Ya haɗiye, yana murmushin dole.

A kasuwar Wakra, Masahudu ya tsaya taya kifin da ba saye zai yi ba, Bello kuma yana gyangyaɗi a tsaye. Uwais ya faki ido, ya bi wani lungu, ya ɓulla kan rairayi. Can bayan wani tsohon kwalekwale ya samu wuri. Ga teku shuɗi shar, ga iska, ba kowa. Ya yi hamdala.

Ya buɗe ledar shinkafa da kazar da ya sayo, ya juya dama ya ce, "Bismillah." Ba wanda ya amsa. Ya juya hagu, wata kyanwa ce kawai ke kallonsa. Ya kai loma ɗaya, ya janye hannu. Sai kewa ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba ko ranar da ya baro gida.

Ya ciro waya. "Bello, kuna ina?"

"Ga mu a bayan kwalekwalen nan, rana na dukanmu."

Uwais ya leƙa. Ga su kuwa a tsugune, Bello ya rufe kai da riga.

"Me ya hana ku komawa tun a tasha?"

"Haba Uwais," in ji Bello. "Wanda aka raka ai shi yake cewa a koma haka, an gode. Tun safe muke jira ka faɗa. Ni barci nake ji kamar in mutu."

"Wallahi ko kumallo ban karya ba," in ji Masahudu. "Khalas, ya isa haka, ka sallame mu mu tafi."

Uwais ya dubi tekun, ya dubi shinkafar. Ya matsa gefe, ya baje ledar a tsakiya.

"Ban sallame ku ba," ya ce. "Ku wanke hannu."