Taku Arba'in da Ɗaya a Bayan Dutsen Saur

Mutum na farko da na taɓa gani ya hau Dutsen Saur da takalmi sau-ciki shi ne Dakta Mukhtaru Salihu. Bayan aikin Hajjin 1965 ne, alhazai sun fara watsewa daga Makka, zafi ya fara cizo. Ina can sama inda nake sayar da shayi da ruwa ga masu zuwa ziyarar kogon hijira, sai ga shi ya ɓullo, ko haki ba ya yi. Abin ya ba ni haushi, don ni da nake hawan dutsen nan kullum da garwa a ka sai na tsaya sau uku a hanya.

"Hajiya, 'yar ina ce ke?" ya tambaye ni da Hausa tsantsa, babu ɗigon Larabci.

"Unguwar Ka'akiyya, nan ƙasa."

"Kafin Ka'akiyya fa?"

"Kafin nan ba ruwanka."

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Mu irin Hausawan nan ne da suka shigo ƙasar a ƙafa ba tare da takarda ba. Shekara goma sha huɗu ina Makka babu iƙama, wato takardar izinin zama, kuma duk mai yawan tambaya askar nake ɗaukarsa har sai ya nuna mini shi ba ɗan sanda ba ne.

Shi kam ba ɗan sanda ba ne, abin nasa ya fi haka ban mamaki. Malamin jami'a ne daga Najeriya, kuma aikinsa hawan duwatsu. Ya ce shekara ashirin yana bin duk dutsen da mutane ke girmamawa, ya hau har ƙololuwa, ya duba abin da magabata suka bari a can: tsohon gini, fasasshiyar tukunya, wurin yanka, kabari. Ya fara da Dala da Kufena, ya yi Kwatarkwashi, ya yi wata biyu a saman Bagzam a ƙasar Azbin, ya hau Jabal Marra a Darfur inda ya ce sanyi ya kusa cire masa yatsa. Na ce masa mutane na neman ilimi a zaure, shi ya tafi nema inda awaki ke kashi. Ya rubuta maganar a littafinsa. Komai aka faɗa sai ya rubuta.

Ya roƙe ni in riƙa bin sa da ruwa idan ciniki ya yi sauƙi, na yarda. Mijina Hadi dako yake yi a unguwar Kudai, bai hana ba, kuma a garin nan babu mai kula da inda irinmu suka sa ƙafa. Kwana takwas muna zagayawa. Ya auna nan, ya zana can, ya tsuguna gaban tarin tsakuwar da alhazai suka jera ya yi ta kallo kamar mai karanta wasiƙa. Amma na lura ransa bai kwanta ba. Ya faɗa mini a jami'arsu ana yi masa kallon mai yawon banza, ba zai koma ba sai da abin da zai rufe musu baki.

A rana ta tara ya ce bayan dutsen za mu, ɓangaren kudu da ba a hango gari. Na ce akwai macizai. Na ce hanyar ta zube. Na ce ƙafata na ciwo. Ya ce in zauna in huta, shi zai je ya dawo. Dole na bi shi.

Bai yi sa'a guda ba ya gano wurin. Ni kaina nakan ɗan yi dube-dube kafin in same shi, don sau biyu kacal nake zuwa a shekara, gudun kada sawuna ya fitar da hanya. Shi kuwa ya tsaya cak, ya nuna wani tarin duwatsu mai tsawo a cikin wata tsaga.

"Hannun mutum ne ya jera waɗannan," in ji shi. "Kabari ne, Hajara."

Kabarin ubana ne. Sunansa Wada, majemi ne daga ƙasar Ringim. Ina da shekara shida ya kwashe mu muka kama hanyar Makka a ƙafa. Shekara tara muka yi a tafe: mu yi noma a Abeshe, mu tsinci auduga a Sudan, mu ƙara gaba. Uwata ta rasu a Fasher. Muka ƙetare teku cikin jirgin katako, aka zubar da mu a bakin gaɓa inda babu kowa, muka tako har bayan dutsen nan muka ɓuya, don an ce ana kamen marasa takarda a hanyar shiga gari. A nan zazzaɓi ya kayar da shi. Kwana uku ya yi ya cika, dutse ɗaya ne tsakaninsa da Ɗakin Allah, bai gan shi ba. Ba mu isa mu sauko da gawa ba. Ƙaninsa, Kawu Tsoho, shi ya yi masa taimama, ya naɗe shi da farin zanen da ya taho da shi tun daga gida, muka kwantar da shi a tsagar muka jera duwatsu.

Na ɓoye wa Dakta wannan. Ya fito da kamfas, wani abu kamar agogo mai allurar da ke nuna arewa, ya ɗora a kan duwatsun. Ya duba, ya sake dubawa, sai ya zauna daɓas yana murmushi.

"Wannan ya girmi Musulunci."

"Wa ya ce maka?"

"Alƙibla ce ta ce. Daga nan Ka'aba arewa take, ga ta can bayan wannan kafaɗar dutse. Da Musulmi ne, da an kwantar da shi daga gabas zuwa yamma, fuskarsa na kallon arewa. Wannan kuwa daga kudu zuwa arewa aka shimfiɗa shi. Ko kansa ko ƙafafunsa ne ke nuna Ɗakin. Babu Musulmin da zai yi wa ɗan'uwansa haka a Makka."

Garwar ta kuɓuce mini, ruwan ya bi dutse. Shi bai san ina kan yake ba, ni na sani, don ni na riƙe shi. Kan yana kudu. Ashe shekara goma sha huɗu ubana yana kwance ya miƙe wa Ka'aba ƙafafu, mutumin da ko a barci ka juya ƙafa wajen alƙibla sai ya tashe ka. Dakta ya zaci zamewa na yi, har yana yi mini sannu.

Da la'asar na sauka kai tsaye wajen Kawu Tsoho. Yana ƙofar ɗakinsa na kwano a Ka'akiyya yana ɗinkin takalmi.

"Kawu, ranar da muka binne Baba, da me ka gane alƙibla?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Da rana mana. Na ga inda ta fito, na juya shi can."

"Can ina?"

"Gabas."

Yana rufe baki basillar ta tsaya a hannunsa. Tun yana yaro gabas yake kallo in zai yi salla, a Ringim, a Abeshe, a Fasher, ko'ina. Ranar nan kuwa bai taɓa shiga Makka ba, ga gawar yayansa, ga tsoro, hannunsa ya yi abin da ya saba. Bayan haka kuma babu wanda ya sake tunanin abin, ni ko shi, alhali kullum arewa muke kallo mu yi salla a unguwar nan.

"Inna lillahi," ya ce a hankali. "Wada ya yi shekara tara yana tafiya, ni na kai shi ƙofa na kawar masa da fuska." Ya ajiye takalmin, bai sake ɗauka ba ranar.

Kwana biyu Dakta bai hau ba. A na uku ya zo da fara'a har kunne. Jidda ya je. Ya kai zanensa wani ofishi, an karɓa da hannu biyu, an ce ranar Asabar manya uku za su hau tare da ma'aikata a buɗe kabarin. Har ya buga wa jami'arsu waya ta tangaraho.

Na san abin da za su tarar. Za su ga zanen saƙar gida bai gama ruɓewa ba, su ga ba tsohon kabari ba ne, su tambayi wa ya binne mutum a nan babu izini, kuma ba sai an yi nisa ba, Ka'akiyya za a sauka. Amma wallahi ba kamen ne ya fi damuna ba. Abin da na kasa ɗauka shi ne baƙi su yaye ubana su auna ƙasusuwansa da igiya.

"Ya Dakta," na ce, "mutumin nan naka na kafin Musulunci sunansa Wada. Yana da gibi a sama, yana son kunun tsamiya. Ni ce 'yarsa."

Na faɗa masa duka. Tun da na san shi ranar ce kawai aka yi magana bai rubuta ba. Ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa.

"Gabas," ya ce. "Ni Bahaushe, ɗan Bahaushe, na tsaya a kan kabarin da aka shimfiɗa irin na garinmu, ban gane shi ba."

"To yanzu ka gane. Ka koma Jidda ka ce sun fasa."

"Ba za su fasa ba, zanen yana hannunsu. In ban kai su ba, wani zai kai su."

Na tambaye shi ko za mu juya Baba kafin nan. Ya girgiza kai, ya ce abin da ya sani wurin malamai shi ne in an daɗe haka ba a tone mamaci don gyara kwanciya, kuskuren ba a kansa yake ba. Ya dubi gangaren. Sannan ya ce, "Shekara ashirin ina koyon gane hannun mutum a jikin dutse. Na san abin da ke tona shi. Ina jin zan iya goge shi."

Laraba da Alhamis da Juma'a ya yi yana aikin, shi da Kawu Tsoho, wanda ya hau dutsen da rarrafe ya ƙi jin magana. Ba su taɓa dutse ɗaya na kan Baba ba. Ƙari suka yi. Da sandar ƙarfe suka riƙa gangaro da duwatsu daga sama, manya da ƙanana, suka cike tsagar da maƙwabtanta, fili ya kai girman gida guda. Dakta yana bi yana juya kowane dutse, gefen da rana ta ƙona a sama, yana zuba tsakuwa yadda ruwa zai zuba ta. Ranar farko na taya su. Sauran biyun ya ce in zauna wurin shayina in tsare hanya. Da ya fito ranar Juma'a, tafin hannunsa duk ya saɓule.

Ranar Asabar suka hau, manya uku da ma'aikata shida da diga da shebur. Sa'a uku suka yi a hanya, ɗayan mai ƙiba sai da aka riƙa turo shi. Na bi su da buta. Dakta ya kai su gangaren, ya tsaya, ya ce cikin Larabcinsa na littafi:

"Na yi kuskure. Zubewar dutse ce kawai. Zafi ne ya ruɗe ni, na zana abin da nake so in gani."

Babbansu ya dubi zanen, ya dubi gangaren, ya sa ma'aikata suka zagaya har azahar. Ba su ga komai ba. Abin da ya faɗa wa Dakta ba zan maimaita ba, a gaban ma'aikata kuma, a gaban mai shayi. Ya yaga takardar izininsa biyu, ya ce zai rubuta wa jami'arsu da kansa, shi ke nan. Dakta yana tsaye hannu a baya kamar ɗalibi. Na zuba musu shayi, rabi a kofi rabi a ƙasa.

Bayan kwana huɗu ya zo sallama. Ya ce da wuya a sake ba shi izinin hawan dutse a wata ƙasa, wataƙila aji za a ba shi ya koyar da 'yan shekarar farko. Ya ce bai rubuta yadda za a sake gane wurin a ko'ina ba, kada takarda ta faɗa hannun wani, amma in riƙe wannan: daga dutsen nan mai kama da turmi, in fuskanci kudu, taku arba'in da ɗaya.

Washegari da sassafe na je. Na sami turmin, na ƙirga arba'in da ɗaya, na tsaya. Duwatsu ne kawai, hagu da dama, gaba da baya, babu wanda ya fi wani. Sai na tuna takunsa ba nawa ba ne, mutumin dogo ne. Na koma na buɗe ƙafa na sake ƙirgawa, na faɗa wani wuri daban. Na yi ta yi har rana ta take. Aikinsa ya yi kyau, har ni da na riƙe kan Baba na kasa gane inda na ajiye shi. Na zauna a kan dutse na yi kukan da ban samu na yi ba ranar da muka binne shi.

Na kawo Kawu Tsoho, shi ma ya kasa. Har yanzu ina zuwa, kuma na daina tsoron sawuna. Nakan ƙirga hamsin da nawa takun, in tsaya, in juya arewa in yi masa addu'a. Ban san ko a kansa nake tsaye ba ko a gefensa. Abin da na sani, duk inda yake a nan kusa, inda nake kallo can ƙafafunsa suka nufa.