Wayar da Ta Haura Katanga

"Kebul," in ji tsohon, ya damƙi hannun rigar Zarin Gul. "Kebul..."

Zarin ya dubi maƙwabcin nasa, Baba Mirwais, kwance a gadon igiya, leɓɓansa sun bushe. A ransa ya ce, ashe sai yau za ka amsa laifinka. Tun bara hoton talabijin ɗinsa ke rawa, tun bara kuma ya hango wata baƙar waya ta taso daga gefen tasar talabijin ɗinsa a saman soro, ta gangara tsakar gidan tsohon. Bai taɓa tanka masa ba, gaisuwa dai ya rage wa tsawo.

"Na yafe, Baba," ya ce, iya baki.

Tsohon ya girgiza kai, ya sake buɗe baki, tari ya sarƙe shi. Kafin ɗansa Daud ya dawo daga kantin magani, rai ya yi halinsa.

"Lala," in ji Daud, yana kiran Zarin yaya da harshensu, "ya bar wata magana?"

"Kebul kawai ya ce."

"Wane kebul? Na cajin waya? Ko na wutar da aka yanke mana?"

"Ai ka fi ni sani." Zarin ya tsare shi da ido.

Bayan la'asar aka binne shi a nan Peshawar, bayan layin masu katako. Suna dawowa Zarin ya ɗauki filaya ya hau soro. Ya bi wayar da hannu har ƙarshenta. Ba ta haɗu da komai ba. Guntuwar tsohuwar waya ce, an ɗaure ta a ƙusa. Da ya leƙa, sai ya ga itacen inabi ya nannaɗe ta tun daga ƙasa.

A gindin inabin 'yar marigayin, Zarmina, ke tsaye. Isowarta ke nan daga Kohat, ƙurar hanya a mayafinta.

"Wai kebul?" take ce wa Daud. "Mutumin da bai taɓa kallon talabijin ba? Kabul ya ce, sakarai! Can uwarsa take kwance, can yake so a kai shi. Inabin nan ma daga can ya taho da shi. Wa ke kansa da ya cika?"

Daud ya ɗaga kai ya dubi soro.

Zarin bai motsa ba, filaya a hannunsa. Iska ta taɓa wayar, ganyen inabin suka kaɗa kaɗan, suka tsaya.