A Kawo Makarantar Cikin Gari

"Ku matsa ciki! Sumayya, riƙe hannun ƙanenki, kada ki sake shi!"

Malama Habi ta ɗaga yaro na ƙarshe ta miƙa shi bayan akori-kurar, ta tura ƙofar ta sa sakata da kanta. Iyaye mata sun yi cirko-cirko a bakin masallaci. Ita ma ba ta dube su ba. Tun jiya ranta yake tafasa, kuma da ta buɗe baki, abin da zai fito ba na gaban yara ba ne.

Ita ce shugabar makarantar firamare ta Tungar Ɗanmusa. Iskar bazarar bara ce ta yaye kwanon azuzuwan makarantar guda biyu, ta watsa shi cikin gonakin mutane. Tun daga lokacin take sintiri zuwa ofishin ilimi na yankin, har masu gadi suka san tafiyarta. Kullum maganar ɗaya: ana dubawa. Damina ta zo ta wuce a kan yaran, allon bango ya jiƙe ya ɓamɓare, ga wata daminar ta kunno kai. Sai jiya da la'asar Malam Abdurra'uf, jami'in da ke duba makarantun yankin, ya bugo mata waya da albishir. Wata babba za ta zo daga birni ta ga makarantun da za a gyara, kuma tasu tana ciki.

"Sai dai hwa ba su iya shigowa wurinku, kin san halin hanya," in ji shi. "Ki kawo makarantar cikin gari."

"Yallaɓai, bisa kai za ni ɗauko ta? Ai ruhin anka ce a gani."

"Makaranta ai yara na, ba gini ba. Ki taho da su, ki hwaɗi kukanki da bakinki. In kinka ƙi, a ba wasu."

Haka ta bi gida-gida tana roƙo kamar mai neman aron tukunya. Kowa ya san hanyar nan. Kowa yana da wanda 'yan bindiga suka tare a kanta. Da ba don Malam Is'haƙa ba, limamin garin, wanda yaran nan duk a zaurensa suke karatun allo, da ko yaro ɗaya ba za a ba ta ba. Shi ya ce wa iyaye su daure wannan karon kawai, don a samu rufi. Da mutuncinsa aka cika motar.

Kassimu direba ya ja mota. Da suka gangara rafi suka shiga dajin, ya kashe rediyo ba tare da kowa ya ce masa ba. Suka wuce ƙauyen da aka tashi, rumbuna a ƙone, ƙofofi a buɗe, ko akuya babu. Malama Habi ta leƙa ta taga ta yi wa yaran alama, suka kwanta a kan juna. Bakinta yana ta motsi da addu'a, zuciyarta kuwa zagi take yi. Ba ta taɓa sanin mutum zai iya yin biyun a lokaci ɗaya ba sai ran nan.

Allah ya tsare, suka isa da hantsi. Malam Abdurra'uf ya tarbe su da babbar riga mai sitati, ya kai su wani aji a makarantar cikin gari. An share shi, an yi masa sabon fenti, har da silin. Yaran suka riƙa ɗaga kai suna kallon sama. Ya sa aka koya musu waƙar maraba, aka maimaita, aka sake maimaitawa, har muryoyinsu suka dushe. Ko ruwan sha ba wanda ya tuna da shi, sai da ita ta fita ta samo.

Rana ta take sannan jiniya ta tashi. Mota baƙa a tsakiya, gaba da baya motocin jami'an tsaro, kowace cike da bindigogi. Malama Habi ta tsaya a bakin aji tana kallon su suna dirowa. Wato da wannan tarin bindigogi aka kasa zuwa Tungar Ɗanmusa, ita kuwa aka ce ta biyo hanyar da 'ya'yan mutane da Ayatul Kursiyyu.

Baƙuwar, Hajiya Maimunat, mace ce mai fara'a, kuma ba za a ce ba ta san aikinta ba. Ta rubuta jimla a allo, Sumayya ta tashi ta karanta tsaf. Ta ba da lissafi, hannuwa suka tashi. Ta ji daɗi ƙwarai, har ta sa aka ɗauke ta hoto a tsakiyar yaran.

"Malama, kin yi ƙoƙari. Mi ke damunku?"

Malama Habi ta haɗiye fushinta ta yi magana a tsanake. Ta faɗi iska, ta faɗi damina, ta faɗi yadda ake sallamar yara da zarar hadari ya haɗo. Ta ciro wayarta ta nuna hotunan azuzuwan, katakon rufi tsirara, sama a buɗe.

Hajiya ta duba, ta girgiza kai. "Abin tausai. Amma ƙa'idarmu, ba a gyara ginin da ba mu gani da ido ba. Hoto kowa na iya kawo shi."

"To ranki shi daɗe, mu tahi ki gani. Ga mota, ga masu tsaronki. Kahin la'asar kin dawo."

Malam Abdurra'uf ya ga magana za ta lalace, sai ya tsoma baki da murmushinsa na gaban manya. Shi a ganinsa gyara zai yi.

"Ranki shi daɗe, wagga malama jaruma ta. Tun da hantsi sunka iso, ba yaro guda da ya makara. Sun ma riga 'yan cikin gari zowa."

Hajiya ta juyo. "Au, hanyar na biyuwa ke nan?"

"Lahiya lau sunka zo, ranki shi daɗe. Ga su nan kina gani."

Hajiya ta ɗaga kai tana kallon silin, tana kallon yaran a kan benci. Sai fuskarta ta washe, irin ta wanda ya tsinci abin da ya daɗe yana nema.

"To ai an samu mahita. Ga aji nan ba kowa ciki, da ruhi, da benci. Mi za a yi da gyaran wancan? A haɗe makarantun biyu. Tunda sun iya zowa yau, gobe ma suna iyawa."

Malama Habi ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ladabin da ta yi ta riƙo tun safe ya kuɓuce.

"In hanyar na biyuwa, mi ya hana ki biyo ta? Ke da sojoji kin ji tsoro, sai ɗiyan talakawa za su bi ta sahe da marece? Kwance sunka zo cikin mota kamar buhunan gero! Roƙo na yi gida-gida kahin a ba ni su!"

"Malama Habi!" Malam Abdurra'uf ya daka mata tsawa. "Ki san da wa kike magana!"

Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta gyara mayafinta ta ce, "Ni ban ce ki kawo su ba, Malama. Ke kinka nuna muna ana iyawa." Ta yi wa yaran sallama da hannu ta fita. Su kuwa da suka ga baƙuwa ta nufi ƙofa, sai suka miƙe suka rera waƙar da aka koya musu, domin ba wanda ya gaya musu cewa ta shigowa ce kawai.

Da jiniya ta yi nisa, Malam Abdurra'uf ya dawo yana share gumi. Wai shi ma haushi yake ji.

"Kin so ki ja mini. To ki gode Allah, ke ma an dawo da ke cikin gari ke nan. Wasu roƙon haka su kai."

Ta dube shi daga hula har takalmi. Da harara tana kisa, da ranar an yi jana'iza. Ta juya ta kira yaranta. Ta hango shi ya ja Kassimu gefe suna magana, ba ta ko tambaya ba.

A hanyar komawa ba ta yi addu'a da baki ba, ba ta yi zagi ba. Tunani take yi yadda za ta faɗa wa Malam Is'haƙa. Ta yanke cewa shi kaɗai za ta fara samu a zaure, su san abin da za a gaya wa mutane. Ko a gindin bishiya ne, ita dai ba za ta bar koyarwa a Tunga ba.

Suna shigowa gari ta ga jama'a a inda ta bar su, kamar tun safe ba wanda ya motsa. Uwaye suka rufa wa motar, kowace tana laluben nata. Malam Is'haƙa ya matso da sandarsa, fuskarsa cike da kyakkyawan fata.

"Barka da dawowa, Malama. An dace? Yaushe za a kawo kwanon?"

Ta buɗe baki za ta ce masa su je zaure. Sai Kassimu ya leƙo ta tagar mota, da muryarsa ta 'yan tasha da ake ji har bayan gari.

"Malama! Yallaɓai ya ce tunda an ruhe ta nan, kullum za ni riƙa zowa in kwashe su. Gobe da wane lokaci?"

Malam Is'haƙa ya dube ta, ya sunkuyar da kai, ya juya ya nufi masallaci a hankali. Uwar Sumayya ta jawo 'yarta, ta zare mata hijabin makaranta, ta kakkaɓe ƙurar hanya, ta ninke shi da kyau. Ta zo ta ɗora shi a hannun Malama Habi.

"Ga kayanku, Malama," in ji ta. "Mun gode."

Da Malama Habi ta ɗaga kai, ta ga sauran matan ma sun fara ninkewa.