Gwajin Ruwan Sabon Tanki

Abokan aiki suna kiranta Uwar Kwalabe tun tana sabuwar ɗauka a hukumar ruwa, lokacin da take bin rafuka da rijiyoyi cikin takalmin roba tana ɗebo ruwan gwaji a kwalabe. Daga baya aka dawo da ita ɗakin gwaji. Bana kuma sunanta ya shiga cikin waɗanda za a tantance don shugabancin sashe, kuma Darakta ne zai jagoranci zaman.

Ana gab da bikin buɗe sabon tankin unguwar bayan kasuwa, sai ta ga ƙwayoyin cuta sun tsiro a farantin gwajin ruwan tankin. Ta je ta ɗebo ruwan da hannunta, ta sake gwadawa. Sakamako bai canza ba.

A gida ta zuba wa miya gishiri har sau biyu. Maigidanta ya ɗanɗana, ya ce, "Wannan ma a kai ta ɗakin gwaji."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "In na faɗa, Darakta zai ce na kunyata shi. An riga an gayyaci manya."

"In kika yi shiru fa?"

"Yayata a unguwar take, ga ta da goyo."

Da safe ta tsaya gaban teburin Darakta. "Ranka ya daɗe, ruwan nan ba zai shawu ba. Ina zargin bututu ya fashe kusa da kwata."

Ya cire tabarau, ya daɗe yana kallonta. "Kin san abin da kike jawo mini?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Je ki."

Aka ɗage bikin, aka tona, aka samu fashewar. Babu wanda ya ce mata sannu. Ranar tantancewa Darakta bai yi mata tambaya ko ɗaya ba, sai juya biro yake.

Shugabancin sashe ya tafi ga wani. Ita aka ba ta ƙaramar tashar gwaji ta bakin dam, can wajen gari, ta riƙe. Maigidanta ya ce ƙarin girma ne. Yayarta ta ce jefar da ita aka yi.

Ranar da ta kama aiki ta tarar da firijin ajiye ruwan gwaji a mace, rufi na yoyo. Ta kira ofishin Darakta. Wayar ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba. Ta zauna bakin benci, ta sake kira.