Libarbar da Kol Ya Kawo

Lek dubu arba'in, a kuɗin ƙasarmu, nake bin Kol Marashi, kuɗin maraƙin da ya ja tun kafin sanyin bara. Mu kuma gidan Lulash na bin mu jini ɗaya. Ɗana Ndue ne ya harbe ƙaninsu a kan rabon ruwan gona. Yana kurkuku, amma a tsaunukanmu zaman kurkuku ba ya biyan jini. Tun ranar jikana Zef bai tsallake bakin ƙofa ba, don a cikin gida kaɗai ba a taɓa namiji. Ni mace ce, ba a harbin mace, ni nake noma, ni nake kasuwa.

Zef ya dame ni. Wai in samo masa libarba, ya sa a ƙugu ya sauka birnin Shkodra, ko mota ya samu ya bar ƙasar. Gemu ya fito masa a ɗaki, fatarsa ta yi fari kamar cuku. Na san in ya fita da ƙarfe a jiki, ko a kawo min gawarsa, ko bashinmu ya koma jini biyu.

Kol ya ji labari. Ya tare ni a bayan rumbun masara, ya warware tsumma, sai ga libarba, ya ce in yafe kuɗin maraƙi in ƙara dubu ashirin.

Na shekara talatin ina goge bindigar mijina. Na shinshina bakin wannan, warin tsatsa ne da sabon mai da aka shafa jiya. Na juya gidan harsashin, yana rawa kamar haƙorina na gaba. Kunamar ta saki. Ko dubu goma sha biyar ba ta kai ba, kuma na faɗa masa.

"Haba Inna Prenda, gwada ta mana," in ji shi, yana murmushi.

"Ɗan banza, ka san ba zan iya ba."

Ya sani sarai. Kowa kan harba kafin ya saya, amma gidan da ake bi jini, in aka ji ƙarar bindiga daga gonarsa, an ce wa masu bin ke nan ku zo, mun shirya. Gidan Lulash kuwa daga tsallaken rafi har tarin akuyata suna ji.

Na miƙa masa kayarsa. Yana naɗewa a hankali ya ce ba komai, ɗan autan Lulash ya taya ta shekaranjiya, shi yaro ne, bai damu da tsatsa ba.

Na tsaya ina kallon tagar ɗakin Zef. Bindiga mai rawa ma tana tashi wani lokacin.

Na ce dubu goma zan ƙara, da harsasan duka. Ya ce sha biyar. Na kwance bakin zanina na ƙirga masa, ya sa na faɗa da bakina cewa maganar maraƙi ta mutu. Na cusa libarbar a ƙasan tulun da nake jiƙa kabeji, cikin ruwan gishiri, na danne da dutse.

Zef na jirana a bayan ƙofa.

"Kaka, ya ake ciki?"

Na ce Kol ya tsuga kuɗi, ban saya ba. Ya koma ya zauna inda ya saba, gefen murhu. Na ɗora masa wake.