Jar Tutar Njidda

Jalingo ba ta taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba, amma tana da tsofaffin ma'aikatan reluwe da suka dawo gida cin fansho. Ƙa'ida kuwa, kowace shekara sai mutum ya kai kansa Gombe an ga fuskarsa. Wanda bai je ba, a wurin ofis ya mutu, sai a soke sunansa.

A 1996 Rufus, tsohon mai gyaran layin dogo, ya kwanta. Matarsa Dokas ta zo daga Kachalla Sembe ta sami Njidda, wakilinsu a ƙungiyar 'yan fansho.

"Baba Njidda, ƙafan shi ya kumbura, mota ba zai yiwu ba. In sun cire sunan shi, da me zan saya magani?"

Tausayi ya kama Njidda. Da shi da Rufus sun sha rana tare a kan layi, lokacin Njidda yana gadin jirgi, mai ɗaga wa direba jar tuta ya tsaya, koriya ya wuce. Ya ce, "Koma gida, Maman yara. Ba mai binne Rufus da ransa."

Ranar taron ƙungiya a Gombe, da manyan ofis a zaune, Njidda ya miƙe ya roƙi a riƙa turo jami'i Jalingo don marasa lafiya. Wani babba mai tumbi ya gyara tabarau ya ce, "Malam, mu layin dogo muke bi. Akwai layi a Jalingo?" Aka yi 'yar dariya. Shugaban taro ya rufe magana, mutane suka fara miƙewa, don ƙamshin shinkafa ya riga ya shigo ta taga.

Ran Njidda ya ɓaci. Shi ba gwanin baki ba ne, duk rayuwarsa da tuta ya yi magana. Ya sa hannu a jaka ya zaro tsohuwar jar tutarsa ta aiki, wadda ta koɗe har ta kusa komawa ruwan goro. Ya je bakin ƙofa ya ɗaga ta.

To, zauren nan cike yake da tsofaffin direbobin jirgi, mutanen da suka tsufa ba su taɓa ƙetare ja ba. Na gaba ya ja birki da ƙafarsa, na bayansa ya yi karo da shi. Wani direba mai furfura ya koma kujerarsa ya ce, "An ba mu ja. Ni ba na wucewa."

Ɗaya bayan ɗaya suka zauna. Shinkafa ta huce. Hannun Njidda ya gaji, sai wani ya taso ya tallafa masa gwiwar hannu. Manyan ofis suka yi ta ƙus-ƙus, ga yunwa, ga kunya, a ƙarshe mai tumbin nan ya ce an amince.

Bayan 'yan makonni jami'i ya sauka a Jalingo, ƙura har gira. Ya shiga ɗakin Rufus, ya dube shi, ya rubuta cewa yana raye. Dokas ta yi ta godiya, har da hawaye.

Rufus ya ɗago kai daga matashi ya dubi Njidda. "Gadi, hanya ya buɗe?"

Daɗi ya cika Njidda, ya zaro koriyar tuta daga jaka ya kaɗa masa.