Tasha da Mai Sauraronta

Shi ya laƙaba mata suna Tasha tun shekarar farko ta aurensu, ya ce ita tashar rediyo ce wadda ba ta san rufe shiri ba. Ta yi fushi na yini guda, ta kuma ƙarar da yinin tana zayyana masa dalilan fushin, sai sunan ya bi ta. 'Ya'yanta ma da suka taso, in sun ga ba ta kusa, Tasha suke cewa.

Shi kuwa gyaran rediyo da talabijin yake yi a wani ɗan shago da ke bakin titi, 'yan unguwa na kiransa Injiniya. Mutum ne da sai ka yi da gaske kafin ka ciro kalma uku a bakinsa. Duk abin da aka ce masa, "Uhm." Ta dawo kasuwa da labari, "Uhm." Ta ce rufin kicin na yoyo, "Uhm." Mutane na tausaya mata, wai tana zuba a ƙasa ne kawai. Ita ta san ba haka ba ne, domin tana da hanyar gwada shi. In ta zargi hankalinsa ba ya wurinta, sai ta cusa ƙarya a tsakiyar labari ba tare da ta canja murya ba: "Sai matar direba ta ce ba ita ta ɗauka ba, ni kuma na sayar da shagonka, sai aka kira mijin..." Shi kuma, kansa a sunkuye kan waya da dalma, sai ya ce, "Nawa aka saya?" Shekara da shekaru suna wannan wasa, bai taɓa faɗuwa ba.

Da aka gano ciwon daji, wato kansa, a huhunsa, aka yi magani, ciwon ya lafa, ya koma shago. Yara duk sun yi aure sun watse garuruwa, gida ya rage daga ita sai shi. Ba ta damu ba. Tana da mai sauraro, me kuma take nema?

Daga baya ciwon kai ya fara. Ƙafarsa ta hagu ta riƙa ja in yana tafiya. Ta lura da waɗannan, ta yi ta mita a kansu, ya yi ta cewa uhm. Wata rana da yamma yana zaune a falo yana kwance bayan wata tsohuwar rediyo, ita tana bayansa tana ninke wanki tana ba shi labarin rigimar masu famfo. Ta cusa masa ƙaryar shago kamar yadda ta saba. Shiru. Ta zagayo gabansa, ta sake faɗa. Ya ɗago ya kafa wa bakinta ido, ya jira har leɓunanta suka tsaya, sannan ya ce, "Uhm."

Ta koma bayansa, ta ɗauki murfin tukunya ta sake shi a kan siminti. Kazar maƙwabta ma sai da ta firgita a bayan katanga. Injiniya bai ko motsa ba.

Ashe ya daɗe ba ya ji. Ya riƙa kallon bakinta ne yana ajiye uhm ɗinsa a inda ya ga ta tsaya shan iska. Da wani mijin ne, da rana ɗaya ta isa a gane. Amma wa zai gane kurumtar mutumin da dama ba ya amsawa?

A asibiti aka ɗauki hoton kansa, aka ɗebi ruwa daga bayansa da doguwar allura. Likitar matashiya ce, ba ta wuce sa'ar autar Tasha ba, amma ba ta da kwana-kwana. Ta ce ciwon ya taso daga huhu ya kai ƙwaƙwalwa, ya kuma bazu a tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, inda jijiyoyin ji da na ƙafa suke ratsawa.

"Akwai maganin da za mu gwada, Mama," in ji ta. "Shi ba ya kashe ciwon da kansa. Garkuwar jikin Baba yake tayarwa. Ciwon nan ɓuya yake yi wa masu gadin jiki, maganin kuma yana yaye masa mayafi su gan shi. Sai dai wurin da ya shiga yana da wuyar kaiwa. Wasu yana yi musu aiki, wasu da yawa ba ya yi. Lokaci muke nema masa."

"To kunnen fa, 'yar nan?"

Likita ta ce, "Jijiyar da ta riga ta lalace ba kasafai take dawowa ba."

"Da mun zo da wuri fa? Da na gane tun farko?"

"Ban sani ba, Mama. Ba zan yi miki ƙarya ba, ban sani ba."

Tasha ta so a ce ta yi mata ƙaryar. Ta juya ta dubi mijinta, ya ga suna kallonsa su biyu, ya gyaɗa kai ya ce, "Uhm." A ranar ta ji haushin kalmar nan kamar ta shaƙe shi, ta kuma ji kunyar kanta. Wace irin mata ce za ta yi ta surutu a kan mutum makonni ba ta san ba ya jin ta ba? Da bakinta ya huta ko na rabin yini, da ta gane. Tun daga wannan rana ta kama bakinta.

Aka fara magani. Duk bayan 'yan makonni sai su koma wani ɗaki mai kujeru jere, kowace da ƙarfen rataya ledar ruwa a gefenta. Nas ta nemi jijiya a bayan hannunsa, ta liƙa filasta, ruwan ya riƙa ɗiga. Kowane majiyyaci da ɗan rakiyarsa, ana hira ƙasa-ƙasa, wani na ba da labarin ƙwallo, wata na tsegumin surukarta. Tasha, wadda a da za ta san sunan jikokin kowa kafin leda ta kai rabi, sai ta zauna da jaka a cinya tana kallon ɗigon ruwa. Wata 'yar rakiya ta taɓa ce wa nas, "Baiwar Allah nan ba ta da yawan magana." Ba wanda ya yi dariya, don ba wanda ya san ta a wurin.

A gida magana ta koma rubutu a bayan kwalin magani. Hannunta ba ya sauri, ga ido ya fara gajiya, don haka ta rage komai: Ci abinci. Sha magani. Gobe asibiti. Maganin ya fesa masa ƙuraje a baya da ƙirji, ya sa shi kasala, wani lokaci gudawa. Ta shafa masa man da aka ba su, ta wanke, ta shanya, duk a shiru. Agogon bango da ba ta taɓa sanin yana da ƙara ba, yanzu har daga kicin tana jin sa.

Ita ta je ta buɗe shagon don ta mayar wa mutane kayansu. Rediyoyi jibge a kan kanta, wasu cikinsu a buɗe, ƙura ta hau sukudirebobinsa. Mai walda na kusa ya leƙo ya ce, "Ya jikin Injiniya?" Ta ce da sauƙi. A hanyar dawowa ta ga an rushe tsohon kantin magani, ta ga matar direba da sabon ciki a waɗannan shekarun nata, ta ga an kama ɓarawon mitar lantarki. Ta shigo gida bakinta cike da labari, ta same shi zaune yana kallon bango. Ta tsaya a bakin ƙofa da labaranta, ta rasa inda za ta sauke su. Ta kira Auta a waya.

"Mama, ina wurin aiki, lafiya dai? Jikin Baba ne?"

"Lafiya lau. Dama cewa na yi..."

"To bari in tashi zan kira ki, don Allah."

Ta kira ɗin kuwa, yarinyar kirki ce, amma tambayar magani da abinci ta yi, yara na ihu a bayanta. Ba wanda za ka ba labarin cikin matar direba a irin wannan waya. Kaɗaici ya kama Tasha sosai, irin wanda ba ta taɓa sani ba, ga mijinta kuwa a ɗaki ɗaya da ita.

Bayan wasu watanni aka sake ɗaukar hoto. Likita ta juyo da allon kwamfuta tana murmushi. Ta nuna wuraren da suka yi fari a hoton farko, ta nuna na yanzu. Ciwon bai ƙaru ba, wani wurin ma ya ɗan ja baya. Ta yi bayani mai tsawo: ba warkewa ba ce, ba a san tsawon lokacin da zai riƙe ba, za a ci gaba da magani, amma yau dai ranar farin ciki ce. Ta ce ai Mama ma ta ga ciwon kan ya ragu, ƙafar ta daina ja sosai.

Tasha ba ta taɓa riƙe labari mai daɗin wannan ba. A da, da sai ta kwana uku tana ba da shi, tana ƙara masa gishiri. Ta laluba jaka ta ciro kwali da biro, ta rubuta: Ya tsaya. Ta miƙa masa. Ya karanta, ya ce, "Alhamdu lillahi," da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryarsa. Shi ke nan, labari ya ƙare. Ta ce za ta zaga, ta shiga banɗakin asibiti ta buɗe famfo ta yi kuka mai isarta.

Da la'asar, bayan sun dawo, tana share falo sai ta gan shi ya jawo tsohuwar rediyon nan da ya bari a kwance tun ranar murfin tukunya. Ya sa mata batir, ya murɗa, ya ɗora yatsu biyu a kan lasifikar da ke cikinta. Haka dama yake gwada lasifika a shago in hayaniyar titi ta yi yawa, da yatsa yake gane mai rai da matacciya. Rediyon na ta shiii ba tasha, shi bai sani ba. Ya daɗe a haka, sannan ya kashe.

"Tasha!" Muryar ta cika falon. "Zo nan."

Ta jingina tsintsiya ta zo. Ya nuna mata kujera kusa da shi, ta zauna. Ya ɗaga yatsun nan biyu masu tabon ƙunar dalma ya ɗora a maƙogwaronta.

"Likita ta daɗe tana magana, na ga bakinta. Ke kuma kalma biyu kika ba ni. Yaushe kika fara rowar labari?"

Ta miƙa hannu za ta ɗauko kwali, ya riƙe hannun.

"Bar kwalin nan. Da na so kwali, da tun farko na faɗa miki kunnena ya tafi. Na san in kika sani za ki yi shiru, shi ya sa na ɓoye. Ga shi kuwa kin yi. Fara daga farko."

"Ai ba za ka ji ba, Injiniya," ta ce, muryarta a dushe.

"Yauwa," ya ce, ya lumshe ido. "Ga ta nan ta kama. Ci gaba."

Ta fara da ƙyar, kamar mai koyon tafiya bayan jinya. Ta faɗi yadda likita ta juyo da allo, da kalar ɗankwalinta, da abin da ta ce game da fararen wuraren. Daga nan bakin ya warware. Ta shiga kantin maganin da aka rushe, ta fito ta faɗa kan ɓarawon mita, ta iso ga matar direba da cikinta. Duk inda ta tsaya shan iska, yatsunsa su ji, ya ce, "Uhm." Ba ta san lokacin da tsohon halin ya kufce mata ba.

"Sai na ce mata ke da girmanki, ni kuma na sayar da shagonka, sai ta ce..."

Ta tsaya. Ta jira, duk da ta san abin da take jira ba zai zo ba.

"Uhm," in ji Injiniya.

Ta haɗiye wani abu mai ɗaci, ya ji wucewarsa a ƙarƙashin yatsunsa. Ya buɗe ido ya dube ta.

"Me ya faru? Kar ki tsaya."

Ta share ido da gefen zane, ta gyara masa yatsun a wuyanta don sun ɗan zame, ta koma kan matar direba daga inda ta tsaya.